Sabuwar Bindigar da Ta Ƙi Tashi

Daga bukka, Svalbard
11 ga Fabrairu, 1979

Kawu Ottar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Inna Borghild. Yaya gwiwarka da sanyin bana? Ni lafiyata ƙalau, karnuka ma haka, sai dai kafaɗar nan tawa ta dama da har yanzu ba ta barina in ɗaga hannu sama da kaina. Rana ba ta dawo mana ba tukuna, amma da tsakar yini ana samun ɗan hasken da zai isa mutum ya zaga tarkuna. Yanyawa sun yi auki bana, fatunsu sun yi kauri.

Jostein, mai kawo mini wasiƙu a kan babur ɗin ƙanƙara, yana tsaye a kaina yana kurɓar gahawa. Ya ce iska na shirin juyawa, ba zai jira ba, don haka a gurguje nake rubutu.

Ka san tun da na faɗi bara, doguwar bindigar mijina marigayi Eilif ta yi mini nauyi. Kafin in ɗaga ta in saita, abin da zai cinye ni ya gama ya lashe baki. Shi ya sa na aika aka sayo mini ta hannu, libarba mai cin harsashi shida. Ta iso a watan jiya, sabuwa fil a kwalinta. Ranar da ta zo na gwada ta a bayan ɗaki, ta yi daidai, na rataye ta a zaure inda Eilif yake ajiye tasa.

Shekaranjiya na fito zan ba karnuka abinci, sai ga beyar, ƙatuwar farar dabbar ƙanƙarar nan mai cin mutum, kwance a gindin rumfar nama, mace ce ina jin. Na zaro sabuwar, na ja kunama har sau biyu. Ba ta tashi ba, Kawu. Na ja da baya na shige ɗaki.

Me zan yi da ita yanzu? Ka ƙare rayuwarka tsakanin gyaran bindiga da farauta, ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Amma don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Ka san Arvid, ƙanin Eilif. Tun ranar jana'izar wansa yake neman dalilin da zai ce mace ita kaɗai ba za ta iya riƙe wurin nan ba, don hukuma ta karɓe izinin farautar ta ba shi. Ba zan miƙa masa dalilin da hannuna ba.

'Yarka,
Gunvor

Harstad
24 ga Fabrairu

Gunvor 'yata,

Mun samu wasiƙarki, muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, innarki kuma tari ya ɗan matsa mata amma ya yi sauƙi.

Na gode wa Allah da ke ce kika rubuto ba wani ne ya rubuto mana labarinki ba. Amma abin da kika yi babba ne. Dabba tana kwance, ba ta taso miki ba, ba ta taɓa kare ba, kika ɗirka mata harsashi biyu har ba ta sake tashi ba? Kin fi ni sanin an hana kashe su yanzu, sai in rai ne ake neman cetowa. Eilif da kansa da ya ƙi jinin dokar bai taɓa karya ta ba.

Kin ce me za ki yi da ita. Kada ki taɓa ta. Kada ki feɗe, kada ki ja ta zuwa teku, kada ki ba karnuka ko loma. Ki bar ta inda ta faɗi, ki kai rahoto da bakinki kafin wani ya kai. Wanda ya faɗi gaskiya da wuri ana yi masa sassauci.

Innarki ta ga bai dace mu ɓoye wa dangin mijinki irin wannan ba, tunda Arvid yana nan kusa da ke a wajen haƙar kwal, shi zai fi saurin kai miki ɗauki. Ta buga masa waya. Na san ba haka kika so ba, amma mu a nan ba mu da abin da za mu iya yi miki sai addu'a.

Sannan ki saurare ni. Uwarki ƙanwata ce, tana gab da rasuwa ta ce in sa miki ido. Mutumin da ya fara harbin abin da yake kwance, kaɗaici ya fara taɓa shi. Ba abin kunya ba ne, na ga ya kayar da ƙarti. Ga ɗakin sama nan babu kowa. In ƙanƙara ta narke ki hau jirgin farko ki dawo gida.

Kawunki,
Ottar

Daga bukka
13 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, kafaɗa tana nan, rana ta leƙo mana a makon jiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

BINDIGAR CE BA TA TASHI BA. Bindigar, Kawu. Beyar ta tashi sarai, ta yi miƙa, ta ɗauki cinyar nama guda ta tafi abinta tana rangaji. Sama na saita don ƙara ta kore ta, sai kunama ta yi ƙas, na sake ja ta sake yin ƙas. Na tambayi mai gyaran bindiga yadda zan yi da bindiga, ya aiko mini da wa'azi da tayin ɗakin sama.

Wasiƙarka ma ba ita ta fara isowa ba. Jirgi mai saukar ungulu ne ya riga ta. Ina tsakiyar feɗe yanyawa ya sauka a bakin gaɓa, karnuka suka haukace. Wani jami'in hukuma mai suna Dagfinn ya fito, ya ce an sanar da su na kashe beyar na ɓoye gawar. Na ce ya nema. Ya duba rumfa, ya duba ƙarƙashin ɗaki, har tulin ƙanƙarar da ke bayan makewayi ya sa sanda ya tona. Daga ƙarshe na kai shi na nuna masa sawunta, ga na zuwa ga na komawa, sannan na ɗora masa harsasan nan biyu a tafin hannu.

Mutumin kirki ne, ya ba ni haƙuri. Amma ba makaho ba ne. Ya ce in ɗaga doguwar bindigar ya gani, na ɗaga, ya ga yadda na cije leɓe. Ya karɓi sabuwar daga zaure ya ja da kansa, ta yi masa ƙas. Sai ya ce, "Ba ki kashe komai ba, na yarda. Amma yanzu na ga abin da ya fi wannan damuna. Kina zaune a nan ba ki da abin kare kanki." Zai dawo bayan bikin Ista, a watan Afrilu. In bai same ni da makamin da nake iya harbawa ba, zai rubuta cewa kada a sabunta mini izini. Ban ga laifinsa ba. Laifin na wanda na roƙa ya rufa mini asiri ne.

Na ce masa ya dawo, zai same ni. Haka nake gaya maka kai ma, ka kuma gaya wa Inna ta buga waya ta faɗa wa wanda ta ga dama. Ni da Eilif muka jawo katakon ɗakin nan daga bakin teku, gungume bayan gungume. Ba zan bar wa Arvid shi ba saboda wani guntun ƙarfe ya yi taurin kai.

In kana da niyyar taimako, ga abin da na gani. Gangar harsashi tana juyawa, amma da nauyi. 'Yar gudumar da ke bugun gindin harsashi tana sauka kamar mai jin barci. Tabon da take bari a harsashin ɗan ƙarami ne, da ƙyar ake ganinsa. Na sa harsasan wani kwalin, duk ɗaya. Mayar da ita shago ba zai yiwu ba, kafin ta je ta dawo Ista ta wuce.

Tambaya ɗaya kuma. Rubutun wasiƙarka na Inna ne, har sa hannun. Me ya samu hannunka?

Gunvor

Harstad
27 ga Maris

Gunvor,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Wannan da hannuna nake rubutawa, shi ya sa kika ga baƙaƙen kamar sawun agwagwa.

Hannuna lafiyarsa lau. Idanu ne. Yanar ido ce take rufe su tun bara, yanzu fuskar mutum ma sai ya matso nake gane shi. Na rufe shago kafin Kirsimeti, na ce wa mutane gwiwa ce. Innarki ke karanta mini wasiƙa, ita ke rubuta amsa. Ta karanta taki cikin firgici, ni kuma na ji abin da na fi tsoro. Ya kamata in ce ta maimaita, ban ce ba. Wayar ma ina zaune aka buga ban hana ba. Na cuce ki, ki yafe mini. Likita ya ce a yi aiki a cire yanar, na ce ba mai sa mini wuƙa a ido.

Yanzu aiki. Kin ce ranar da ta zo ta yi daidai. Daga ina kika fito da ita ranar, daga ɗaki mai wuta? Daga baya kuma ta koma zama a zaure cikin sanyi? In haka ne, ina jin na san ciwonta. Sabuwar bindiga ana cika mata ciki da maiƙo don kada ta yi tsatsa a shago. A ƙasar mutane ba ya hana komai. A sanyinku daskarewa yake yi ya riƙe guduma. Ki gwada, ki ɗumama ta a cikin rigarki ki harba, ki bar ta a zaure ta yi sanyi ki sake harbawa.

In ya tabbata, sai an buɗe ta. Ki fara cire harsasai ki kai su wani ɗakin, ki duba ganga da ido da yatsa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban faranti, a ciki za ki yi aikin don kada wani abu ya gangara. Kusoshin murfin gefe ba tsayinsu ɗaya ba, ki jera su yadda kika cire su. Kada ki ɓamɓare murfin da wuƙa, za ki lanƙwasa shi. Ki riƙa bubbuga mariƙin bindigar da ƙotar guduma a hankali, zai ɗago da kansa. Kafin ki taɓa komai a ciki ki zana hotonsa a takarda. Kada ki cire abin da bai fito da kansa ba. Ki wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ki bar ta ta bushe sosai kusa da murhu, ba a kansa ba. Mai kuwa ko ɗigo kada ki ƙara, a wajenku bushewa ta fi.

Na sa miki sukundireba a cikin kunshin nan. Da laluben yatsa na wasa bakinta, ina jin za ta zauna daidai.

Maganar ɗakin sama na janye ta. Innarki ba ta janye ba, ta ce in gaya miki.

Kawunki,
Ottar

Daga bukka
5 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban san yaushe wannan za ta tafi ba. Guguwa ta rufe hanya, tun da Jostein ya tafi da wasiƙata ta Maris ban sake ganin ɗan Adam ba, kuma ban ji daga gare ka ba. In fushi ka yi da abin da na rubuta, to, ka yi. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na rasa Skarv, tsohon karen nan da ke jan gaba. Beyar ta dawo da hantsi ina cikin ɗaki ina narka ƙanƙara. Na ji kukan karnuka ya canja. Na san sabuwar ba ta da amfani, sai na ɗauko doguwar, na ɗora bakinta a kan taga don kafaɗata ta huta, na harba sama. Ta gudu. Amma duk wannan kiciniyar ta ci lokaci, shi kuma yana ɗaure da sarƙa, ba inda zai je. Eilif ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo a cikin hularsa. Ƙasa ta yi tauri ba ta haƙuwa, duwatsu na tara masa.

Ban zauna ina kuka ba. Na lura da wani abu. In na sa bindigar a cikin rigata ta ji ɗumin jikina, tana tashi. In ta zauna a zaure, ba ta tashi. Yanzu a ƙirjina take yini, ta goge mini fata har ta yi ja. Amma wannan ba gyara ba ne, in na daɗe a wajen tarkuna sanyi yana cin rigar ya same ta. Dagfinn kuma daga zaure zai ɗauke ta.

Wani abu ne a cikinta ba ya son sanyi. Na gwada kwance murfin gefen da bakin wuƙa, na ɓata kan kusa ɗaya, na tsaya. Zan ƙara ba ka lokaci kaɗan. In ban ji ba, zan buɗe ta ko ta halin ƙaƙa, in ta lalace ta lalace a hannuna. Ko da gatari ne zan tari Dagfinn a bakin ƙofa, amma ba zan tare shi da kaya a ɗaure ba.

Gunvor

Daga bukka
26 ga Afrilu

Kawu Ottar,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya, karnuka lafiya. Jostein ya kawo taka ya tafi da waccan tawa mai zafi, kafin in buɗe kunshin ya yi nisa. Da na ga baƙaƙenka sai da na zauna. Ka karanta waccan ka jefa a murhu. Ka ga na yi manyan baƙaƙe, wannan taka ce kai kaɗai.

Sukundirebar ta zauna kamar don kusoshin aka ƙera ta, har wadda na ɓata ta kwantu. Na yi ta bubbuga mariƙin ina cewa tsohon nan wasa yake mini, sai ga murfi ya ɗago. Kawu, da ka ga cikin! Maiƙon ya zama kakide, fari, kamar na tukunyar da ta kwana a waje. Wani ɗan siririn ƙarfe ya faɗo cikin farantin, amma zanen da ka ce in yi ya nuna mini mazauninsa. Na wanke, na shanya, na mayar. Ɗakin ya yi ta warin kananzir har cikin burodi.

Dagfinn ya zo kamar yadda ya ce. Arvid ma ya zo a kan nasa babur, wai ya biyo ne ya ga ko ina bukatar hannu wajen ɗaure kaya. Har ya fara zagaya karnuka yana buɗe musu baki yana duba haƙora. Ya ce mini, "Matar yaya, ba wanda zai ga gazawarki. Kin yi iya yinki." Na ce ya cire hannunsa daga bakin karena.

Tun safe na ajiye bindigar a waje, a kan tulin itace, ba ma a zaure ba. Na ce wa Dagfinn ya taɓa ta ya ji. Ya cire safar hannu ya taɓa, ya yi saurin mayarwa. Na kafa tsohon garwan kananzir a bakin gaɓa, na koma baya har inda shi ya ce ya isa, na riƙe da hannu biyu. Duk shidan suka tashi. Ɗaya ya kauce, ba zan yi maka ƙarya ba, sauran suka huda garwan. Na sake cikawa na miƙa wa Arvid, na ce ko zai gwada, tunda shi ne namiji. Ya ce yatsunsa sun yi sanyi.

Dagfinn ya sha gahawa kofi biyu, ya ce za a sabunta mini izini, sai ya zo duba fatu da bazara, in kuma nemi likita ya ga kafaɗar. Na yi masa alkawari, kuma zan cika. Arvid bai shigo ba. Na kai masa nasa kofin waje, don ƙanin Eilif ne, kuma tafiyar da nisa. Na gaya masa in yana son zuwa farauta ƙofa a buɗe take, amma baƙo zai zo, baƙo zai koma.

Saura kai. Mutumin da ya wasa bakin sukundireba da lalube ya dace da kusar da bai taɓa gani ba, shi ne zai rufe shago ya zauna ana karanta masa wasiƙa? Ka ce ba mai sa maka wuƙa a ido. Ni ma da tsoro na ɗaga murfin nan. Ka je wurin likitan. In ka ƙi, ba zan ƙara rubuta manyan baƙaƙe ba, sai ƙanana irin na jarida, ka ji da su.

Ka gaishe da Inna. Ka ce mata na huce, saura kaɗan.

'Yarka,
Gunvor

Harstad
21 ga Mayu

Gunvor 'yata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Innarki ta ji saƙonki, ta ce wannan kaɗan ɗin da ya saura za ta biya shi da safa ta ulu, ta riga ta fara saƙa.

An yi mini aikin idon hagu. Na kwanta kamar rago, likitar yarinya ce da ba ta kai ki ba, ta ce in daina motsi ko ta ɗaure ni. Da aka cire bandeji abin da na fara gani fuskar innarki ce, na ce ashe kin tsufa haka, ta ce in bari a buɗe na dama in ga tawa. Na dama sai kaka.

Na karanta wasiƙarki da kaina, har inda kika ce ɗaya ya kauce. Ba bindigar ba ce, kina runtse ido kafin ƙara, tun kina yarinya haka kike. Wannan ba ya gyaruwa ta wasiƙa.

Likita ta ce kada in yi tafiya mai nisa. Innarki ta ce in na taka jirgi kada in dawo mata gida. Na sayi tikitin jirgin ruwa na farkon Yuli. Ki gaya wa Jostein ya nemo mini wanda zai kawo ni bukka da kwalekwale, ki kuma gyara mini gadon ƙasa, gwiwata ba ta hawa na sama.

Kawunki,
Ottar